Paul Bunyan: mutum ne ko zuƙi ta malle?

Hajiya, kin ce ɗanki ya dawo daga makaranta da labarin wani Paul Bunyan, kina tambaya ko ya taɓa rayuwa. Bai taɓa ba, ƙaton mai saran itace ne na labaran Amurkawa. Amma bari in ɗan ja zancen, tunda na yi shekara uku a jihar Minnesota ta Amurka.

A garin Bemidji na fara ganinsa: mutum-mutumi a bakin tafki tun 1937, ƙato mai gashin baki, ga shuɗin sansa Babe a gefe. Wani dattijo da ke shan iska a wurin ya ce min tafkunan jihar duk sawun Paul ne da sansa, ruwa ya cika su. Ya ƙara da cewa wata shekara sanyi ya yi tsanani har magana ta riƙa daskarewa a iska, sai da ɗumi ya dawo aka ji abin da kowa ya faɗa. Ko murmushi bai yi ba. Ni kuwa na saki baki ina gyaɗa kai kamar gaula.

Nan ne bambancinsu da mu. Mu idan aka ce "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san Gizo ne zai fito. Su kuwa mai labarin yakan ɗaure fuska ya ce da idonsa ya gani, kamar maharbi in ya samu 'yan kallo. Gwanintar ita ce a shara ta ba tare da an ƙyafta ido ba.

Masu saran itace ne suka fara ba da labarin Paul a sansanoninsu da dare. A 1914 William Laughead ya sa shi a tallan kamfanin katako na Red River, daga nan ya zama na kowa. Wato har da kasuwa a ciki.

Amma kada ki ce wa yaron duk ƙarya ne. Davy Crockett mutum ne, ɗan majalisa daga Tennessee, an kashe shi a yaƙin Alamo a Texas a 1836, tun yana raye ake masa ƙari. Johnny Appleseed ma sunansa John Chapman, mai dashen tuffa, ya rasu a 1845.

Ni dai wanda ya fi taɓa min zuciya John Henry ne, baƙar fata leburan hanyar jirgin ƙasa da ake cewa ya yi gasa da injin fasa dutse. Ya ci gasar, ya faɗi matacce da gudumarsa a hannu. Shi ba a dariya idan ana ba da nasa.