Amsa: Shin tauraron teku kifi ne?

Malam ka tambaya wai ko tauraron teku shi ma kifi ne tunda a ruwa yake. A'a wallahi ba kifi bane, bashi da ƙashin baya, ko ƙwaƙwalwa ma babu. Danginsa sun haɗa da bushiyar teku da kokwambar teku, jinsin dangin gaba ɗaya ya kai wajen 7,000 kuma dukkansu a ruwan gishiri suke, ba zaka taɓa samun ko ɗaya a kogi ko tafki ba.

Abinda yafi bani mamaki dai yadda yake cin abinci ne, akwai ɗaruruwan ƙananan ƙafafu a ƙarƙashin hannayensa masu kama da bututu, ruwan teku yake zuƙowa ta wata 'yar kafa a bayansa ya riƙa motsa su dashi, to idan ya kama kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, sai yayi ta ja har ɓawon ya ɗan buɗe, kawai sai ya turo tumbinsa waje ta baki ya cusa ciki ya narkar da naman a can, sannan ya janye kayansa. Kai jama'a!

Hannu kuma in ya gutsure wani ne ke tsirowa, sai dai yana ɗaukan watanni.