Amsa: Shin soyayya na ɓata fina-finan Koriya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko cusa soyayya cikin labarin yaƙi, tarihi ko binciken kisa yana rage wa fina-finan Koriya armashi. A ganina ya danganta da ko soyayyar ce ke jan labarin, ko kuwa liƙa ta aka yi don a riƙe masu kallo.

Dubi Crash Landing on You na 2019. Guguwa ta jefa wata attajira daga Koriya ta Kudu zuwa ta Arewa, wani hafsan soja ya ɓoye ta. Yaƙin Koriyoyin biyu na 1950 zuwa 1953 da tsagaita wuta ya tsaya, ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba, don haka kowace haɗuwarsu kasada ce da rai. Nan siyasa ce ta ba soyayyar nauyi, shi ya sa har maza masu cewa ba ruwansu da irin wannan suka zauna kallo. Haka Jumong na 2006, wanda Hausawa suka sani sosai: tsakanin jarumin, Jumong, da jarumar, Soseono, akwai so, amma akwai sarauta da kafa Goguryeo, tsohuwar daular Koriya, kuma a ƙarshe rabuwa suka yi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗauko binciken kisa mai zafi, ana tsakiyar fim mai kashi 16, sai a ce ashe jarumin da jarumar sun taɓa haɗuwa suna yara. Daga nan binciken ya kwanta.

Idan bincike zalla kike so, nemi Signal na 2016. Soyayyar cikinsa kaɗan ce, ba ta tare hanya ba.