Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Wai in za mu gyara tsohon zauren gidanmu sai gwamnati ta yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Dan Allah tambaya gare ni akan zauren gidanmu, mu a wani ƙauye muke a ƙasar Ringim, kakan babanmu ne ya gina zauren lokacin yana dagacin garin, soro ne na ƙasa mai ɗaurin guga, wato rufinsa a kan bakunan gini masu gitta juna yake, har yau a ciki ake ɗaurin aure kuma nan dattawa suke zama bayan la'asar. To tun ruwan 2022 bango ɗaya ya tsage tun daga sama har ƙasa, in damina ta zo sai mun jera roba da bokiti. Yayanmu da yake Legas ya turo kuɗi yace a ture shi a yi na bulo a sa kwano kowa ya huta, baffanmu kuma yace sai dai bayan ransa, ana cikin haka wani malamin makaranta a garin yace mana wai duk ginin da ya haura shekara ɗari na gwamnati ne, in muka taɓa shi kama mu za a yi. Malam gaskiya ne? In gaskiya ne wajen wa za mu? Kuɗin suna hannuna kuma kowa ni yake kira.

Daga ɗan'uwanku a ƙasar Ringim, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Kwantar da hankalinka, babu wanda zai kama ka. Malamin nan ya tsinci maganar ne a tsakiya, akwai doka gaskiya ne, amma babu inda tace da zarar gini ya cika shekara ɗari ya tashi daga hannun masu shi.

Dokar ta 1979 ce, ita ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda ake ce wa NCMM. Yadda abin yake shi ne hukumar ce take duba gini ko waje, in ta ga ya cancanta sai ta sanar da mai shi a rubuce, a ba shi dama in yana da ja ya faɗa, sannan a ayyana shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnatin tarayya, daga ranar ne ya zama abin tarihi na ƙasa. To wannan kam ba ka da ikon rushe shi ko canja masa kama ko haƙa a jikinsa sai da izininsu, wanda ya yi akwai tara ko ɗauri. Amma irin waɗannan wurare 'yan kaɗan ne, lissafin da aka daɗe ana yi 65 ne a duk faɗin Najeriya. A ɓangarenmu akwai Gidan Makama da ganuwar Kano da ƙofofinta, akwai tsohon masallacin Haɓe na Bebeji, a Jigawa kuma zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Da zaurenku yana ciki da tuni kun sani, don da akwai takarda a gidanku ko allo a kafe a ƙofa, ba abu ne da ake yi a ɓoye ba.

Kuma ko waɗanda ke cikin lissafin ma, kowa ya ga yadda ake yi da su. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 kenan, je ka zagaya ka ga inda aka yanka filoti a kanta da inda masu ɗiban ƙasa suka cinye, tsohuwar Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta saboda faɗaɗa titi aka yi sabuwa. Hukumar da ke fama da wannan a tsakiyar birni ba ta da motar da za ta zo ƙauyenku ƙirga tsagar bango.

Masu ta cewa a zaurenku na kusa da kai ne. Na farko magada, in ba a raba gadon gidan ba to yayanku na Legas kuɗinsa ne nasa, zauren na kowa ne har da gwaggwanninku da ke gidan aure, kuma su ne aka fi mantawa da su sai an rushe su zo suna kuka. Na biyu dagaci mai ci yanzu da hakimi, tunda waje ne da jama'ar gari suke amfani da shi, bai kamata su tashi da safe su ga tarin ƙasa ba. In kuma sabon ginin zai fito ya ci hanya ko ya toshe magudanar ruwa to sai ka leƙa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, wannan ko ginin jiya ne haka ake yi. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha kuwa, irin ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, zuwa wajensu neman shawara ne da neman a san da zaman ginin, ba dole ba ne, amma ni da ni ne zan rubuta musu ta hannun hakimi in haɗa da hotuna. Kar dai ka zauna jiran kuɗi daga can.

Yanzu ga ra'ayina tunda ka tambaye ni. Ina bayan baffa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba na wasa ba ne. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufto ana sallar la'asar, an yi asarar rayuka, gini ne na shahararren magini Babban Gwani tun ƙarni na 19 wanda duk ƙasar Hausa ake alfahari da shi, kuma tsufansa bai hana shi faɗowa kan mutane ba. Saboda haka daga yau dattawan nan su koma inuwar waje da tabarmarsu har sai wanda ya san aikin ya duba, ko da baffa zai yi fushi.

Wanda zai duba ɗin kuma ba birkila ba, shi birkila in ka kira shi amsa ɗaya gare shi, a ture. Ka nemo tsohon magini na ƙasa, wanda ya gaji abin, in babu a garinku ka tambaya a fadar Ringim ko ta hannun hakimi, akwai zuri'ar magina da har yau ake kiransu gyaran soraye. Abin da zai fara dubawa gindin bango ne, ya ga ko ruwa yana kwanciya ya zaizaye shi, sannan ya hau sama ya ga ko indararo ya toshe ko ya karye ruwan yana bin jikin bango maimakon ya zuba nesa, don yawancin tsagar da kake gani daga nan take farawa, sai kuma ya ƙwanƙwasa azara ya ji. Azarar giginya tana da taurin da gara ba ta cika iya mata ba shi ya sa magabata suka zaɓe ta, amma bakinta da ke binne cikin bango in ya daɗe yana shan danshi ruɓewa yake, kuma shi bakan gizo, wato bakan ginin da ke ɗauke da rufin soro, duk ƙarfinsa a jikin azarorin nan da aka ɗaure aka lulluɓe da ƙasa yake. In ya ce maka azara lafiya lau, bangon bai karkata ba, tsaga ce kawai, to wannan aikin rani ɗaya ne, a buɗe tsagar a ɗinke ta da guntayen azara a cike da ƙasa mai kyau, a sake yaɓen rufi a gyara rawani, wato ɗan bangon da ya zagaye saman rufin, da zankwaye a sa sabon indararo. In kuma ya ce bangon ya kumbura ya fito ko ƙafar baka ta motsa, sai a tokare a sauke wannan ɓangaren a sake ɗora shi da tubali, yana yiwuwa, sai dai kuɗin ya ƙaru.

Kafin magini ya zo ga wata 'yar dabara, ka shafa ɗan yaɓe siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku ka bar shi ya bushe, in ka dawo bayan sati biyu ka ga ya tsage to bangon yana kan tafiya, a gaggauta.

Shi kuma yayanku kar ka ce masa ya ƙi tarihi, mutumin da ya cire kuɗi daga aljihunsa don kar gini ya faɗo wa iyayensa ba abin zargi ba ne. Ka kira shi ka lissafa masa kuɗin bulo da siminti da rodi da katako da kwano a farashin yau, ka ajiye kusa da kuɗin magini da ƙasa da azara, sannan ka tuna masa yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu da azahar. In kuɗi suka yi saura a yi masa ɗakin baƙi na bulo a gefe, amma a bar tazara, kar ruwan kwanon ya riƙa zuba a gindin zauren. Kuma ko me kuka yanke, ka ɗauki wayarka ka yi hoto da bidiyo ciki da waje, ka zaunar da baffa ya faɗi wa ya gina, su wa aka naɗa a ciki, kana naɗar muryarsa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗakin mahaifiyarmu ne a wani ƙauye kusa da Rano, na ƙasa ne tsoho, shekara uku da suka wuce muka haɗa kuɗi ni da ƙannena aka yi masa filasta da siminti aka yi fenti ya yi kyau sosai, yanzu kuma sai ɓallowa yake fanka-fanka kuma bayan simintin duk gara ce. Mai aikin ne ya cuce mu ko me?

Daga 'yar'uwarku a ƙasar Rano, Kano

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri da kula da Hajiya. Ba lallai mai aikin ya ci muku siminti ba, ko buhu nawa ya zuba ƙarshenta haka za a yi, laifinsa ɗaya da bai gaya muku ba.

Bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. In aka rufe shi da siminti kamar an sa wa mutum rigar leda ne a cikin zafi, gumin ba inda za shi, sai ƙasar da ke baya ta jiƙe ta yi laushi, simintin ya rabu da ita ya bar rami a tsakani, ita kuma gara abin da take nema kenan, duhu da danshi babu mai ganinta. Ki ƙwanƙwasa da hannu za ki ji wurare da yawa suna amsawa kamar ba komai a ciki. Mafi muni ma ana ganin fenti fes ana zaton lafiya alhali bangon yana cinyewa.

Ku jira ruwa ya ɗauke, a ɓamɓare duk inda ya saki a hankali, a bar bangon ya sha iska ya bushe, a bi gidan garar a kashe, sannan a cike a yi yaɓe irin na da. Mutanen da suna da makuba da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, akwai kuma laso da ake yi da katsi na marina da gashin jima da dafara, shi ne simintinsu kuma yana korar ruwa ba tare da ya toshe bango ba, sai dai masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci, in ba a samu ba ko yaɓen jar ƙasa da ciyawa da aka bari ta ruɓa sosai ya fi abin da ke jiki yanzu, illa dai yana son a riƙa sabunta shi. In kuna son sa siminti ku sa shi a ƙasa, a yi dakali mai gangare a zagaye ɗakin yadda ruwa zai gudu. Babu izinin kowa da kuke buƙata a wannan, sai na Hajiya, kuma a mayar da ita wani ɗakin kafin a fara ɓamɓara.

TAMBAYA: Malam muna gyaran soron kakanmu a ƙasar Gumel muka samu tsohon takobi da wasu takardun ajami a cikin gafaka, wani mutum ya ji labari ya zo yace zai saya har da tsohuwar ƙofar soron ya sa mana ta ƙarfe kyauta. Mu sayar?

Daga wani matashi a ƙasar Gumel, Jigawa

AMSA: A'a, kar ku sayar, kuma kai ne ma dokar 1979 ɗin ta fi shafa a duk masu tambayar yau. Kayan hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 dokar tana lissafa su cikin kayan tarihi ko da suna ɗakinka, ba a cinikinsu sai da hukumar NCMM ko wakilin da ta amince da shi, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da takardarta. Ka ce wa mutumin ya nuna maka shaidarsa, ina kyautata zaton ba za ka ƙara ganinsa ba. Ajiye su a gida ba laifi ba ne, kayanku ne.

Takardun kuwa kar a sa su a leda, kar a liƙe su da salatif, kar a shanya su a rana, a bar su yadda aka same su a jere cikin gafakarsu a naɗe da farin ƙyalle a ɗora a sama inda babu danshi. Ku samu malami mai karanta ajami a garinku ya duba a gaban manyan gidan, don sau da yawa a irin waɗannan ake samun wasiƙun sarauta da takardun gona da lissafin zuri'a, in kun ga abu ne babba sai ku sanar da hakimi, shi ya san yadda zai haɗa ku da fadar Gumel ko masu bincike a Jami'ar Bayero su ɗauki hotonsu su bar muku na asalin. Ƙofar kuma a shafa mata mai a mayar da ita inda take.