Kafin Ki Rubuta Musu Takardar Gargaɗi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce wata uku ke nan da kuka kawo manhajar rubuta shige da ficen kaya, an yi horon kwana biyu, amma har yau rabin ma'aikatanki suna nan manne da babban littafinsu, shi ya sa kike tunanin ba su takardar gargaɗi. Don Allah ki ɗan dakata. Na daɗe ina kula da sito, irin wannan sauyi ya same ni sau biyu, kuma na farkon da hannuna na ɓata shi.

A wancan karon na tara kowa a ɗaki ɗaya. Wani saurayi ya zo ya haska allo a bango, yana ta latse-latse da sauri, da ya gama ya ce ko akwai mai tambaya, kowa ya yi tsit. Na ɗauka an gane. Ashe kunya ce ta rufe bakin mutane. Akwai wani dattijo a cikinsu da ya fi shekara ashirin yana riƙe da littafin kaya, ko daga barci ka tashe shi zai faɗa maka kwali nawa ya rage. Mutumin da kowa ke zuwa wurinsa neman bayani, rana ɗaya ya koma bai san inda zai ɗora yatsa ba, a gaban yaran da ya koya wa aiki. Yaya za a yi ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba? Sai ya ce manhajar ce ba ta da kyau, saura suka bi bayansa. Na kira shi mai taurin kai, kuma har yau kalmar nan tana damuna.

Bayan kunya akwai tsoro iri biyu da ba wanda zai furta miki. Na farko, ko na'urar nan ta zo ne ta raba su da aikinsu. In ba za a rage kowa ba, ki faɗa da bakinki a fili. In kuwa aikin wasu zai sauya, shi ma ki faɗa, don jita-jita ta fi gaskiya mai ɗaci illa. Na biyu, a littafi mutum zai yi kuskure ya soke da biro, shi ke nan. Manhaja kuwa tana ajiye sunan wanda ya shigar da lamba da lokacin da ya shigar. Maganin wannan shi ne ki sa a buɗe musu wurin gwaji mai kayan ƙarya, su yi ta ɓatawa ba mai tuhumarsu.

A karo na biyu na fara da dattijon nan shi kaɗai, bayan an tashi aiki, rabin awa kullum, ƙofa a rufe. Ban nuna masa komai ba sai abin da ya fi cin ransa, wato ƙidayar ƙarshen wata da ke kai shi dare yana haɗa lissafi. Da ya ga jimilla ta fito da kanta, shi ya fara tambayata saura. Daga baya na samu cewa Fred Davis, wani mai bincike a Amurka, ya nuna a 1989 cewa abu biyu ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha, ganin amfaninta da ganin sauƙinta, kuma amfanin ya fi nauyi. Amfani ga shi ma'aikacin nake nufi, don rahoton da zai burge shugabanni bai dame shi ba. Everett Rogers, shi ma wani mai bincike, tun 1962 ya kasa mutane gida biyar wajen karɓar sabon abu: kashi 2.5 cikin ɗari masu rige-rigen gwada sabon abu, 13.5 masu karɓa da wuri, 34 da wasu 34 masu jira su ga yadda ta kaya da na kusa da su, sai 16 na can baya. Mafi yawan ma'aikatanki suna tsakiyar nan, kuma wanda suke girmamawa suke kallo, ba yaron da ya ƙware a kwamfuta ba.

Ki kuma saurari ƙorafinsu da gaske, wani lokaci su ke da gaskiya. Dattijon ne ya gano manhajarmu ba ta da gurbin kayan da aka dawo da su a lalace, shi ya sa lissafi ke saɓawa. Da aka gyara, na faɗa a gaban kowa cewa shi ya gano.

Sai maganar littafi. Muddin ana rubutawa a takarda kuma ana shigarwa a kwamfuta, aikinsu ya ninku, dole su tsani sabon. Ku zauna tare ku sa ranar da za a rufe littafin, ku shirya abin da za a yi in wuta ko intanet ta ɗauke, kuma daga ranar ke ma kada ki sake karɓar rahoto a takarda, ko da kina sauri. A makonnin farko aiki zai yi nauyi, ki rage musu abin da kike nema, ki sanar da na sama da ke tun da wuri.

In duk kin yi wannan aka samu wanda ya ƙi da gangan, to takardar ta halatta. Ni ban kai ga rubuta wa kowa ba.