Hukuncin Yi Wa Kyanwa Da Karen Gadi Inshorar Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Malali, nan cikin Kaduna. Muna da kyanwoyi biyu, irin masu gashin nan, da karen gadi da maigida ya kawo bayan ɓarayi sun haura mana katanga. Watan jiya ɗaya kyanwar ta haɗiye zaren ɗinki, hanjinta ya toshe, sai da likitan dabbobi ya yi mata aiki. Abin da muka biya ya kusa kuɗin makarantar autana na zango guda, har surukata ta ce wannan almubazzaranci ne. Ƙanwata da ke aure a Ingila ta ce su can inshora suke yi wa dabbobinsu, suna biya duk wata. Shin ya halatta in yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Hajiya, bari in fara da maganar surukarki. Kuɗin da aka kashe wajen ceto kyanwar nan ba almubazzaranci ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Dabbar da kika killace a gida kika hana ta neman na kanta, cinta da shanta sun hau wuyanki, kuma idan da hali bai kamata ki zuba mata ido tana murƙususu ba. Inda surukarki take da gaskiya shi ne idan kuɗin ya ci haƙƙin iyali, don hadisi ya ce a fara da waɗanda ake ciyarwa. Ba a koro yaro daga makaranta saboda an yi wa mage tiyata.

Karen ma ba laifi. Hadisi ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, amma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan. Malamanmu na Malikiyya suna kawo cewa katangar Ibn Abi Zaid, mai Risala, ta taɓa faɗuwa, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki mai cizo zai ajiye. Mutumin Kaduna na yau ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan magana.

Sai ita kanta inshorar. Tsarin da ƙanwarki take nufi shi ne ki biya kamfani wani adadi duk wata ko duk shekara, idan dabbar ta kamu da ciwo ko ta ji rauni su ɗauki nauyin magani. Galibi ke za ki fara biyan likita, sannan ki tura musu rasit su mayar miki, bayan sun cire wani kaso da aka ce naki ne. Akwai iyakar da ba sa wucewa a shekara. Ciwon da dabbar take da shi tun kafin a yi rajista ba ruwansu da shi, akwai kwanakin jira kafin yarjejeniyar ta fara aiki, allurar rigakafi da maganin tsutsa sau da yawa ba sa ciki, kuma kuɗin wata yana hawa idan dabbar ta tsufa. Amfaninta a fili yake: ranar da abu ya faɗo, mutum ba zai tsaya yana lissafi tsakanin aljihunsa da ran dabbarsa ba.

Amma shari'a ba amfani kaɗai take dubawa ba, tana duba ƙullin cinikin. Me kika saya da kuɗinki? Kina iya biya shekara goma kyanwar ba ta ko yi atishawa ba, kuɗin ya zama na kamfani. Kina iya biyan wata biyu kacal su biya miki ninki hamsin. Ranar sa hannu, ke ba ki san abin da za ki karɓa ba, su ma ba su san abin da za su bayar ba. Wannan shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Ga kuma kamanni da caca, tunda ribar ɗaya hasarar ɗaya ce, ga musayar kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri, ga shi yawancin kamfanonin suna juya abin da suka tara a hanyoyin kuɗin ruwa. A kan haka ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Amanar ilimi ce in faɗa miki akwai wanda ya saɓa. Sheikh Mustafa Zarƙa, babban malamin fiƙihun Siriya, ya halatta ta, yana ganin kwanciyar hankali ce mutum ya saya, ita kuwa ta samu tun ranar farko. Magana ce ta malami, amma ban gamsu da ita ba, domin kwanciyar hankali ba haja ba ce, sakamakon alkawarin biyan kuɗi ne, kuɗin nan kuwa shi ne ba a san yawansa ba.

Wani zai ce ai muna yi wa motoci inshora. Wannan doka ce ta tilasta, wanda aka tilasta kuma ba shi da laifi. Babu dokar da ta tilasta miki yi wa kyanwa, don haka babu larurar da za a fake da ita. Hukuncina shi ne kada ki shiga ta kasuwanci.

Ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful, daban take. Mutane ne suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda abu ya sama a cire a taimaka masa, kamfani wakili ne kawai da ake biya ladan kula, rarar da ta rage kuma ta masu asusun ce. Asalinta hadisin Ash'ariyyawa ne, mutanen ƙabilar sahabi Abu Musal Ash'ari, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Kuma a mazhabarmu garari ba ya ɓata kyauta, ciniki yake ɓatawa. Kamfanin farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, a nan gida kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, har an samu irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ki tambaye su ko suna da tsarin da ya haɗa da dabbobin gida, ki kuma karanta takardar da kyau kafin ki sa hannu.

Ni dai da za ki bi shawarata, asusu za ki buɗe. Abin da za ki ba kamfani duk wata ki ware shi da sunan dabbobin, in ba su yi ciwo ba kuɗinki na nan. In kuna da yawa masu kiwon irin waɗannan kyanwoyi, ku haɗa asusun gudummawa, ku rubuta sharuɗɗa, ku damƙa wa mai amana. Ya kuma halatta ki yi jinga da likita a kan aiki sananne: zuwa dubawa sau kaza a shekara, rigakafi kaza, a kan kuɗi kaza. Wannan ijara ce, wato biyan ladan aiki. Amma "ki biya kaza, duk abin da ya same su ni zan yi" ya koma gararin da muka guda.

Kada kuma zancen inshora ya mantar da ke allurar haukan kare. A yi wa karen da kyanwoyin a kan lokaci, domin ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi, ga yara a gida. Babban aiki kuwa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ba nisa.

Ƙanwarki da ta riga ta shiga, ta tambayi malaman can, su suka san tsadar magani da halin da suke ciki. Abin da ya fi tsentseni, in kamfani ya biya ta fiye da jimillar abin da ta zuba, ta riƙe daidai nata, ta sadar da rarar ga mabuƙata.

Wallahu a'alam.