Gilashin da Ke Hana Karkarwa: Me Yake Gyarawa a Hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoton biki a Tudun Wada, Kaduna. Na ƙara kuɗi na sayi gilashin kyamara (lens) mai alamar IS, wato Image Stabilizer, aka ce yana hana hoto yin dishi-dishi, amma a wajen kamu ƙawayen amarya duk a dushe suke fitowa. Ina asalin wannan fasahar, ko kuwa cutata aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba a cuce ka ba, mai sayarwa ne bai ƙarasa maka bayani ba.

Duk yadda mutum ya dake, hannunsa yana karkarwa, gilashi mai jawo nesa kusa kuma yana ninka ta. 'Yan fim ne suka fara jin jiki. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke, Garrett Brown, ya ƙirƙiro Steadicam, riga mai hannun ƙarfe da ke raba kyamara da jijjigar tafiyar mai ɗauka. Wannan gyara ne daga waje.

Kamfanonin Japan ne suka shigar da gyaran ciki. A 1994 Nikon ya fitar da wata ƙaramar kyamara mai VR (sunan da Nikon ke kiran fasahar rage karkarwa), a 1995 kuma Canon ya kawo gilashin 75-300mm mai IS, kakan wanda ke hannunka. A cikinsa akwai 'yan na'urori masu jin motsi. Da zarar hannunka ya karkata, sai maganaɗisu ya ture wani ɓangaren gilashin daidai yadda zai rama karkatar, haske ya ci gaba da sauka wuri guda. Kasa kunne idan ka danna maɓalli rabi, kana iya jin ƙararsa ƙasa-ƙasa.

Minolta ya bi wata hanya a 2003: ya bar gilashi a tsaye, ya riƙa motsa sensa mai karɓar hoton. Dabarar nan ta fi burge ni, domin ko tsohon gilashin gwanjo ka ɗaura zai amfana. Sony ya gaje ta da ya karɓi harkar kyamarar Konica Minolta (sunan Minolta bayan ya haɗe da Konica) a 2006, Olympus kuma ya kai ga gyara nau'in karkarwa biyar a 2012.  Yau har wayoyi suna da wannan fasahar.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk waɗannan motsinka suke ji, ba su san abin da ke gabanka yana motsi ba. IS zai ba ka damar barin kyamara ta daɗe tana shan haske, a ce 1/15 na daƙiƙa, bango da kujeru su fito tas. A wannan ɗan lokacin kuwa mai rawa ta riga ta juya, dole ta dushe. Haka dokin hawan daba a dandalin Murtala, IS ba zai tsayar maka da shi ba.

A wajen kamu kada ka bar kyamara ta sha haske fiye da 1/250 na daƙiƙa. Buɗe ƙofar hasken gilashin iyakarta, ɗaga ISO (ƙarfin jin hasken sensa), ko ka kunna filasha. Ka bar wa IS lokacin da amarya ke zaune a ɗaki mai ƙarancin haske, ko kana jawo fuskar ango daga bayan taro. In kuma ka kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, kashe IS ɗin, don wasu tsofaffin gilasai kan shiga neman motsin da babu, su ɓata hoton da kansu.