Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Yaƙi da Tufafin Gashin Dabba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan ganin labarin masu zanga-zanga a ƙofar manyan kantunan tufafi a Turai da Amurka, suna neman a daina sayar da riguna da huluna na fata mai gashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na tabbata wasunsu suna cin nama, kuma takalmin fata ne a ƙafarsu. Wannan ba son zuciya ba ne? Sannan idan mutum ya koma ga gashin roba, ya wanke kansa ke nan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Masu wannan fafutuka ba bakinsu ɗaya ba. Akwai irin ƙungiyar PETA, wadda aka kafa a Amurka a 1980, da ke ƙin nama da fata da gashi gaba ɗaya, don haka zargin da kika yi bai hau kanta ba. Amma mafi yawan dokokin da aka samu an gina su ne a kan wani bambanci da nake ganin yana da tushe: fatar saniya ko ta tunkiya daga mayanka take fitowa, daga dabbar da aka yanka domin ci, ita kuwa fata mai gashi ana kiwon dabbar ne domin a feɗe ta kawai.

Dabbar da aka fi kiwo domin wannan sana'a ita ce minki, wata 'yar ƙaramar dabba mai kama da tunku, wadda a daji take zaune ita kaɗai a bakin ruwa, tana iyo, tana farauta, tana yawo mai nisa. A gidajen kiwo kuwa, a kejin waya take buɗe ido, kuma ƙasan kejin ma waya ce domin kashinta ya riƙa zuba ƙasa, babu ruwan da za ta shiga, ga 'yan uwanta jere a kejin dama da na hagu. Wannan ƙunci ne ke sa a ga wasunsu suna kai da komo ba tsayawa, ko suna cizon wutsiyarsu har ta yi rauni. Ana haihuwarsu wajen Afrilu da Mayu, a kashe su wajen Nuwamba idan gashin hunturu ya cika, su da iskar gas, yanyawa kuma, wadda ita ma ake kiwonta domin gashinta, da lantarki, duk domin kada fatar ta sami tabo. Doguwar riga guda tana cin fatun minki gommai.

Ingila da Wales sun yi dokar hana irin wannan kiwo a 2000, ta fara aiki a 2003, kuma ƙasashe da dama sun bi sahu, har da Nowe, wadda haramcinta ya kankama a 2025. Abin da ya fi girgiza sana'ar, duk da haka, annobar korona ce. A Nuwamban 2020 gwamnatin Denmak, ƙasar da ke kan gaba a kiwon minki a lokacin, ta ba da umarnin kashe dukkan minkin ƙasar, kimanin miliyan 15 zuwa 17, bayan an gano cutar tana ratsawa daga mutane zuwa dabbobin, ta sauya kama, ta dawo. Holand ma ta rufe gidajen kiwonta a farkon 2021, alhali wa'adin da ta ɗiba tun farko 2024 ne.

Sai dai hana kiwo a gida bai hana shigo da kaya daga waje ba, kuma har yanzu ana kiwon a Sin da Finlan da wasu ƙasashe. Wannan giɓi ne ya sa masu fafutukar suka karkata ga kantuna, waɗanda kika gani a labarai. Isra'ila ta hana cinikin fata mai gashi domin ado a 2021, tare da togace amfani na addini, jihar Kalifoniya kuma ta fara aiki da nata haramcin a Janairun 2023. Kamfanin Gucci ya sanar da dainawa a 2017, Versace da Burberry da Chanel suka biyo baya a 2018, Prada a 2019. Ban ɗauka tausayi ne kaɗai ya motsa su ba. Ɗan kasuwa yana duba fuskar mai saye ne, kuma matasan masu saye sun fara juya baya. A Tarayyar Turai, fiye da mutum miliyan 1.5 suka sa hannu a takardar neman a hana kiwon da cinikin baki ɗaya, aka miƙa ta a 2023.

Game da gashin roba, ba zan ce ya wanke mai shi tas ba. Yawancinsa daga man fetur ake sarrafa shi, yana zubar da ƙananan zaruruwa da ke ƙarewa a ruwa, kuma idan aka jefar da shi yana daɗewa ƙwarai bai ruɓe ba. Masu kiwo suna yawan kafa hujja da wannan, ko da yake su ma sai an jeme fatunsu da sinadarai kafin su yi ƙarko. Akwai kuma ha'inci: a 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki yadda ake sayar da gashin dabba na gaske da sunan na roba, musamman a tuntun hula da bakin takalmi, saboda haka arha ba shaida ba ce. Idan kina son tantancewa, ki buɗa gashin da yatsu ki dubi gindinsa: in saƙa kika gani, na roba ne, in fata ce, na dabba ne. Ki kuma dubi bakin silin, domin na dabba yana tafiya yana sirancewa har ya yi tsini, na roba kuwa yawanci a datse yake. Idan kayan naki ne, kina iya tsinko sili biyu ki ƙona; na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake yi ya dunƙule.